Makullan Malama Tukuna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki da 'yan biyunki sarakan ƙiriniya. Yaya aikin asibiti, yaya fama da masu haihuwa? Ƙafar nan taki ta daina kumburi kuwa, ko har yanzu kina wuni tsaye a kanta kina ce wa mutane su huta? Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Mai gidana, Malamin Lissafi, yana gaishe ki, ya ce in shaida miki tumbin da kika yi masa tsiya a kai yana nan, har ya ƙara aji.

Kin ce in daina wahalar da ke da waya, tunda a wurinku sai mutum ya hau matakalar tankin ruwa kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Kin ce in rubuto komai a takarda ki karanta a tsanake. To ga ni, kada ki ce na cika surutu.

Kin tambaye ni sabon wurin aikina. Kamfani ne na ƙera kayan katako: kujerun makaranta, tebura, kabad, gadajen yara. Kafintoci suna ƙasa, mu 'yan ofis muna saman bene. Idan aka kunna babban injin yanka, sai ki ga shayin da ke kofina yana rawa. Dusar katako kuwa ba ruwanta da bene, kullum da ita nake komawa gida a mayafina. Aikina zane ne. Mai saye ya faɗi abin da yake so, ni in zana shi a kwamfuta da awonsa, in tura wa Babban Kafinta, shi kuma ya raba wa mutanensa. Ina jin daɗin aikin ƙwarai. Sai dai har yanzu ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni ba, don haka a hankali nake taka ƙasa.

A nan ba a tashin mutum ya kai saƙo. Akwai wata manhajar hira da kowa ke da ita a waya da kwamfuta, an rarraba ta zaure-zaure: na masu saye, na zane, na sito, na direbobi, na kafintoci. Akwai kuma namu na mata, inda ake maganar da ba a yi a gaban maza.

To a cikin wannan manhaja aka kawo mana wani sabon abu. Kin dai ji ana maganar ƙirƙirarriyar basira a rediyo, to irinta ce. Mataimaki muke ce masa. Ba mutum ba ne, amma idan kika kira shi a zaure kika yi masa tambaya, zai amsa miki kamar wanda ya daɗe a kamfanin. Yana rubuta wasiƙa, yana taƙaita doguwar hira, yana tuna wa mutum abin da aka yanke makon jiya. Abin da ban sani ba da farko shi ne, duk zauren da aka shigar da shi yana iya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a ciki, kuma duk mai izinin tambayarsa zai iya jin abin daga bakinsa.

Wadda ta fahimtar da mu haka ita ce matar da ke kula da na'urorin kamfanin. Sunanta na yanka ya ɓace, kowa Malama Tukuna yake ce mata, tana kuma amsawa. Dattijuwa ce gajeruwa, da tabarau rataye a wuya, ba ta ɗaga murya. Makullan manhajar a hannunta suke. Ita ke shigar da mutum zaure, ita ke fitar da shi, ita ke cewa ga inda Mataimaki zai shiga, ga wanda zai iya kiran sa. Ranar da aka kawo shi kowa ya yi ca a kanta, a buɗe masa nan, a buɗe masa can. Amsarta ɗaya ce ga kowa, tukuna.

Ni ma na ji haushinta. Ina ganin abin da zai rage mini rubutun bayanin awo, ita kuma ta zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai. Sai ga ta rannan ta jawo kujera kusa da teburina, ta ce in buɗe zauren zane mu duba tare. Ta tambaye ni su wa ke ciki, me ake ajiyewa, ko akwai baƙo daga waje. Ashe akwai wani mai saye da aka shigar tun bara aka manta da shi, ga mu muna ta zuba sababbin zanen da ba a fitar kasuwa ba. Ta ce, "Da na shigar da Mataimaki jiya, tambaya ɗaya mutumin nan zai yi ya kwashe guminki a tattare." Ta fitar da baƙon, sannan ta buɗe mana. Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa ta sauka ta zauna a kan buhun dusa tana yi wa kafintoci tambayoyi.

Da ta gama sai ta tara mu. Ta ce duk zauren da Mataimaki ke ciki za a ga koren ɗigo a samansa. Inda babu ɗigo, ba ya ji, ba ya gani. Zauren mata da wanda kafintoci ke kai kukansu ta bar su babu ɗigo, ta kuma ce ba za a taɓa shigar da shi ba sai an sanar da kowa tukuna. Da ta faɗi kalmar ƙarshen nan aka kwashe da dariya, ita ma ta murmusa.

Kwana biyu ina fama da kasala da jiri, amma ina jin zafin bene ne. Idan ya ci gaba zan ga likita, kada ki fara faɗa. Ki gaishe da mai gida, ki ja mini kunnen 'yan biyu.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan kuna lafiya gaba ɗaya. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi. Yaya tarin ƙaramin cikin 'yan biyu? Allah ya ƙara afuwa.

Takardarki ta iso, na kuma sha faɗan da na ce kada ki yi. Kin ce ba a yi miki wayo da zafin bene, kin tsufa kina ganin mata masu irin wannan jirin. To, Yaya, kin canka daidai. Likita ta tabbatar ina da juna biyu. Bayan abin da ya same ni har sau biyu, ban san ko murna zan yi ko shiru zan yi in jira ba. Malamin Lissafi ya kasa cin abinci ranar, yana ta kallona kamar kwalbar da aka ajiye a bakin tebur. Likita ta ce saboda ɓarin da na yi a baya, idan cikin ya ɗan tura dole in kwanta, babu hawa bene, babu zirga-zirga. Don Allah kada ki gaya wa Umma tukuna. Kin ga ni ma na koyi kalmar.

Abin da ke damuna shi ne, kwanciyar za ta zo ne daidai lokacin da watannin gwajina za su ƙare. Wa zai tabbatar da ma'aikaciyar da za ta ɓace masa washegari? Shi ya sa na yi niyyar in rufe bakina har sai an ba ni takardata. Amma wata rana da yamma warin fenti ya taso daga ƙasa ya murɗa mini ciki, sai na shiga zauren mata na tambaya ko akwai mai dabara. Magana ta jawo magana, na wayi gari na zazzage musu komai, har da abin da likita ta ce. Kafin in rubuta sai da na ɗaga ido na duba saman zauren. Babu ɗigo. Matan nan kuwa sun riƙe ni kamar 'yar cikinsu. Mai karɓar baƙi ta ƙirƙiro dalilin da ya sa aka mayar da teburina bakin taga, akawunmu kuma kullum da lemon tsami take zuwa a jaka. Babu wadda ta ɗaga zancen a fili.

Bari in ba ki labarin Malama Tukuna, don yanzu ina cikin masu kare ta idan ana gulmarta. Shugaban masu talla, wani da ake kira Dogo, ya so a fara ba sashensa cikakken iko da Mataimaki. Ita kuwa kafintoci ta fara ba. Ta lura hannuwansu kullum a cike suke da gam da fenti, ba sa iya rubutu a waya, sai ta shirya musu yadda za su tura saƙon murya ya karanto musu awo. Amma ta yi masa iyaka. Zai iya karanta zanena, ba zai iya canza ko layi ɗaya ba. Zai iya rubuta wa mai saye wasiƙa, ba zai iya aikawa ba sai mutum ya karanta ya danna da yatsansa. Dogo ya ce mata ai ta ɗaure wa Mataimaki hannu. Ta ce, "Hannun nasa ne da tsawo, shi ya sa."

Babban Kafinta ya rantse da farko cewa shi ba zai yi magana da abin da ba shi da hanci ba. Yanzu idan kin ji shi sai kin yi dariya. Da sallama yake fara masa, ya tambaye shi gajiya, sannan ya ce a faɗa masa tsawon ƙafar teburin ajin farko. In ya gama har godiya yake yi.

Wani labarin kuma, an kawo mana sabon Manaja. Akwai wani babban aikin kujerun makarantu da muka kasa kaiwa a kan lokaci, masu aikin suka yi fushi suna barazanar komawa wani wuri, sai Mai Kamfani ya ɗauko shi ya gyara al'amura. Matashi ne mai ladabi, yana riga kowa zuwa, yana gaida kowa. Baƙaƙen takalmansa ne kawai suke shan wahala, yana gogewa dusa tana komawa. Ba ni da abin cewa a kansa sai dai gaggawa. A taron farko ya ce zai duba komai da kowa, kuma kafin wata ya ƙare zai yanke hukunci a kan mu 'yan gwaji.

Ki rubuto mini abin da ya kamata in ci da wanda ya kamata in bari, na fi yarda da ke a kan takardar asibiti. Ki sa ni a addu'a. Malamin Lissafi yana miƙa gaisuwa.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da iyalin duka. Jikina da sauƙi, ina bin abin da kika rubuto. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina ne ba a kwance ba.

Ofishin Manaja da sabon wurin zamana falanki ne kawai ya raba mu, mu muka ƙera shi kuwa, mun san ƙarfinsa. Ban kasa kunne ba, maganar ce ta zo ta same ni. Ya kira Malama Tukuna ya ce yana so a shigar da Mataimaki kowane zaure, har waɗanda babu ɗigo, ya karance komai tun daga farko. Yana so ya fitar masa da bayani: ina aiki ke maƙalewa, wa ke yawan fashi, wa ke tada ƙorafi a ƙasa, wa kuma ake ganin zai nemi dogon hutu nan gaba. Ya ce ba mugunta yake nufi ba, an ɗora masa kaya ne, kuma ba zai yanke hukunci a kan mutane cikin duhu ba alhali ga fitila a ajiye.

Yaya, sai na dakatar da zanen da nake yi. Duk abin da likita ta gaya mini yana cikin zauren nan da rubutun hannuna. Ba ni kaɗai ba kuma. Akwai maganganun sauran mata da ko ke ba zan gaya wa ba, don ba nawa ba ne. Kafintoci ma sun daɗe suna kuka a nasu zauren a kan wani inji da murfinsa ya karye, kowa da sunansa a jikin maganarsa.

Na jira in ji ta ce tukuna. Ba ta ce ba. Da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka ta ce masa, "Ranka ya daɗe, kamfani yana da ikon buɗe duk zauren da ya ga dama. Ka ba ni umarni, in sanar da kowa yau, in sa ɗigo gobe, ya fara karanta abin da za a rubuta daga goben. Amma abin da mutane suka rubuta a baya, sun rubuta ne bayan an ce musu ba ya gani. Wannan ba zan buɗe ba." Ta ce idan neman inda aiki ke maƙalewa yake yi, ga zauren sito da na direbobi da na masu saye, a ranar za ta haɗa masa su.

Ya ce umarni yake ba ta. Ta ce ta ji, kuma ta san abin da ƙin bin umarni ke jawowa. Ya ce to ta miƙa makullan, zai kira wani masani daga waje ya yi aikin. Na ɗauka za ta yi gardama ko ta ɓoye wani abu. Sai na ji tana karanto masa yadda zai karɓi ikon manhajar dalla-dalla, har tana gyara masa inda ya danna ba daidai ba. Abu ɗaya ta roƙa, kada a taɓa zaurukan nan sai Mai Kamfani ya ji daga bakinsu su biyu. Ya ce ya amince. Wannan na yaba masa.

Ta fito ta wuce ta gaban teburina, ta ce mini sannu da aiki kamar kullum. Na dubi fuskarta na ce a raina, baiwar Allah nan ta san halin da nake ciki, saboda ni da irina ta jefa aikinta a wuta. Mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya a makaranta, shekarunta kuma ba na neman sabon aiki ba ne. Ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba, ba ta tayar da hankalin ma'aikata ba. Ta koma teburinta tana gyara wa akawu na'urar buga takardu da ta cinye takarda.

Na yi tunanin in goge abin da na rubuta, sai na tuna ta taɓa gaya mana cewa gogewa daga fuskar waya ba ta fitar da abu daga ma'ajiya. Magana zarar bunu ce, ko a na'ura. Malamin Lissafi ya ce in kwantar da hankalina, aiki ba ya fin lafiya, idan ta kama mu ci abin da albashinsa ya saya. Na san gaskiya ya faɗa, amma ina son aikin nan, Yaya. Ban taɓa yin abin da na ga hannuna a jikinsa kamar wannan ba.

Mai Kamfani ya yi tafiya, ana sa ran dawowarsa farkon mako. Ki taya mu da addu'a, ni da ita.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata, uwata ta biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa gare ki da mai gida da 'yan biyu. Ina fatan kuna nan ƙalau yadda muke. Takardarki ta zo a daidai lokacin da nake buƙatarta, na karanta har ta yi laushi. Yau zan rama miki gaisuwar da na rage a waccan, sannan in ba ki labari mai daɗi.

Mai Kamfani ya dawo. Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Tsohon kafinta ne, da benci ɗaya ya fara a bakin titi. Gwiwoyinsa ba sa barin sa hawa bene, don haka a ƙasa yake zama, a kan wata tsohuwar kujera kusa da ƙofar sito. An kashe injuna lokacin hutun rana, ya kira Manaja da Malama Tukuna. Ni kuma ina tsaye a gefe da zanen da zai duba, bai ce in tafi ba.

Manaja ya fara, ya kuma faɗi hujjarsa tsakani da Allah, bai ƙara mata laifi ko kaɗan ba. Ita ma ta faɗi nata a taƙaice. Tsohon ya daɗe yana juya wani guntun katako a hannu. Ya ce shi bai san kan na'ura ba, tambaya ɗaya gare shi: da aka ce wa mutane ɗakin nan babu mai ji, da yawun wa aka faɗa? Ta ce, "Da yawunka, Baba." Ya ce, "To ni ban taɓa sayar wa mutum kujera in kira katakon da sunan da ba nasa ba. Alkawari kaya ne. A mayar mata da makullanta." Sannan ya juya ga Manaja ya ce shi ma yana da gaskiya, aiki yana maƙalewa, kuma shi aka ɗauko ya gano dalili, don haka duk abin da ba a yi wa kowa alkawari a kansa ba a buɗe masa.

Abin da ya ƙara mini ganin girmanta shi ne abin da ya biyo baya. Da wata ce, da ta yi ta hura hanci. Ita kuwa a ranar ta ɗauki kujerarta ta shiga ofishinsa, suka zauna suna haɗa Mataimaki da zauren sito da na direbobi da na masu saye, kowanne da sanarwarsa da ɗigonsa. Kafin mako ya zagayo Manaja ya gano abin da yake nema. Ashe ɗakin shanya fenti ne ya yi mana kaɗan, kujeru suna gama ƙeruwa su yi layi suna jiran wuri. Shi da kansa ya sanar a taro, ya sa aka fasa bango aka faɗaɗa ɗakin. Ya kuma sauka ƙasa ya tambayi kafintoci baki da baki abin da ke damun su, Babban Kafinta ya kai shi gaban injin nan mai karyayyen murfi. An gyara.

Ni kuma na kwana ina tunani. Sirrina ya tsira, amma cikin ba zai ɓoyu ba. Da na ga mace ta tsaya ta faɗi gaskiyarta aikinta yana lilo, sai na ji kunyar ci gaba da laɓewa. Na ƙwanƙwasa ƙofar Manaja na gaya masa komai da bakina, har da kwanciyar da ke tafe. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na gode da kika faɗa mini da kanki. Da a cikin jerin sunaye na gani, ban san abin da zan yanke ba." Ya ce da zanena zai auna ni. Shekaranjiya aka ba ni takardar tabbatarwa. Idan lokacin kwanciya ya yi, daga gida zan riƙa zane gwargwadon abin da likita ta yarda.

Da takardar a hannuna na nufi teburin Malama Tukuna, don ita za ta shirya mini kwamfutar da zan tafi da ita. Na durƙusa kusa da ita na ce na zo godiya, na san saboda abin da ta karanta a zauren mata a kaina ta yi abin da ta yi, Allah ya rufa mata asiri yadda ta rufa mini. Sai ta sauke tabaraunta ta dube ni a ruɗe, ta ce wane abu? Na ce maganar cikina. Yaya, matar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Juna biyu gare ki?"

Ashe ba ta sani ba. Ba ta ma cikin zauren mata. Tun ranar da aka damƙa mata makullan ta fitar da kanta, ta ce bai dace mai riƙe da ikon kowane ɗaki ta zauna inda ake faɗin sirri ba. Tana da hanyar leƙawa a kowane lokaci, ba ta taɓa leƙawa ba. Na ce to don wa ta yi wannan kasadar? Ta ce, "Ban san don wa ba, 'yata. In sai na san sirrin wa ke ciki zan tsare ƙofa, ai ban cancanci a ba ni makulli ba." Daga nan ta kama hannuna ta tashe ni, tana yi mini faɗa wai mai ciki ba ta durƙuso a kan siminti, ta yi mini addu'a har idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa kuka na yi sosai, a gaban akawu da kowa, ban ji kunya ba.

Yanzu ki gaya wa Umma. Ki zaunar da ita kafin ki faɗa. Ki kuma fara neman hutu a asibiti, don idan lokaci ya yi da yardar Allah ba na son hannun kowa sai naki. Malamin Lissafi ya riga ya share ɗakin baƙi, yana gaishe ki da kyau. A shafa mini kan 'yan biyu.

Wassalam. Ƙanwarki da ke jiran zuwanki,
Auta